Ɗan yayana ya haɗa inbata da hannunsa, in zuba masa jari?

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 11 ina sayar da kayan wuta: ƙwan fitila, waya, batir, farantin sola da inbata. Ɗan yayana, wanda ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya gama karatun lantarki a Ngaundere. Ya haɗa inbata da hannunsa, na gani da idona ta tayar da fanka da talabijin a ɗakinsa. Yanzu yana so in ba shi jari ya ƙera guda 50, mu sa musu sunan shagonmu, in riƙa sayar da su maimakon na ƙasar Sin. Abin da na tara sefa miliyan 4 ne, har da adashin da na kwasa. Wasu abokaina sun ce ai injiniya ne, in sakar masa. Wasu sun ce kuɗin ba za su dawo ba. Mece ce shawararka?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya saka maka da alheri kan riƙon marayan da ka yi har ya zama mutum. Yaron da ya dawo daga makaranta ya zauna da dalma da waya har ya fitar da abin da ke juya fanka, yaro ne da bai kamata a kashe masa gwiwa ba. Ina so ka zuba masa jari. Amma ba a inbata 50 ba, ba kuma miliyan 4 gaba ɗaya ba. Bari in faɗa maka dalili.

Abokanka da suka ce "ai injiniya ne" sun ɗauka aikin lantarki abu ɗaya ne. Ba haka yake ba. Kamar asibiti ne: likitan ido likita ne, likitan ƙashi ma likita ne, amma wanda ya karye ba ya zuwa wurin na ido. A cikin inbata guda ɗaya akwai aikin masana aƙalla huɗu. Akwai masanin wuta mai ƙarfi, wanda ya san yadda ake juya wutar batir ta koma irin ta gida ba tare da wani abu ya ƙone ba. Akwai mai rubuta manhajar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. Akwai mai zana allon, wato koren farantin nan da ake jera ƙananan kaya a kai, domin inda aka ajiye kowane ƙwaya da faɗin kowane layin tagulla yana da hisabi. Sai kuma mai kula da zafi da akwati: ta ina iska za ta shiga, ta ina ƙura ba za ta shiga ba. Bayan waɗannan akwai wasu fannonin da ba su shafi inbata kai tsaye ba, kamar na rediyo da eriya, da na auna ƙananan sigina irin na kayan asibiti, da na ƙera ƙwayar cif kanta, wanda masana'antarsa ɗaya kan ci biliyoyin daloli kuma ƙasashe ƙalilan ne irin su Taiwan da Koriya ta Kudu suka riƙe shi. Makaranta takan ɗanɗana wa ɗalibi kowane fanni. Ƙwarewa kuwa sai a ɗaya ko biyu, bayan shekaru ana ƙona kaya ana koyon dalili.

Mun ga misali a nan Kamaru. Arthur Zang, wanda ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a ƙauye ta aika wa likita a birni, asalinsa masanin kwamfuta ne. Da ya zo kan ɓangaren kayan lantarkin sai da ya koma ɗalibi ya koya, kuma ya ɗauki shekaru yana neman kuɗi da gyare-gyare kafin abin ya shiga asibitoci, duk da lambar yabo ta Rolex da ya samu a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka da aka ba shi a 2016. Tsakanin abin da ya yi aiki a kan tebur da abin da za a sayar wa jama'a akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tafiyar ne jari ke narkewa.

Daga cikin duk fannonin, wanda ɗanka ya zaɓa shi ne mafi rashin yafiya. Ka duba lissafi. Inbata mai wat 1000 a kan batir mai bolt 12 tana zuƙar sama da amfiya 80, in ka haɗa da abin da ke salwanta ya zama zafi tana kusantar 100. Wannan wuta ce da ke narkar da waya in ta yi siriri, ta ƙona dunƙulen MOSFET, wato ƙananan makunnan lantarki da ke buɗe wa wutar hanya suna rufewa, cikin ƙiftawar ido in umarnin kunnawa ya saɓa da ɗan kaɗan. Fanka da talabijin ba su gwada komai ba. Gwajin gaskiya shi ne firiza, domin injinta a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ci sau da yawa. Sai famfon ruwa. Sai ranar da yaron gida ya haɗa wayoyi biyu suka gamu, ko mai saye ya juya kan batir, ja a wurin baƙi. Inbatar da za ta shiga kasuwa dole ta kare kanta a duk waɗannan, ta kuma kare gidan da take ciki. Sannan a tambaye shi wace irin wuta take fitarwa: mai santsi irin ta layin gwamnati, ko mai tsalle-tsalle wadda ke sa fanka gurnani ta kuma dumama injin firji? Kai da kake sayar da su ka san bambancin farashinsu, ka kuma san wacce ake dawo maka da ita.

Sai babban abokin gabar kayan lantarki a yankinmu, zafi. Wannan batu ina so ku zauna da ɗanka a kansa sosai, domin a nan ne hatsarin yake, a nan ne kuma ribar take. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Kuseri yakan haura digiri 40 a inuwa. A ɗaki mai rufin kwano, cikin akwatin ƙarfe, kusa da taransifoma, abin ya wuce haka nesa. Akwai ƙa'idar da duk mai zanen kaya ya sani game da kwandansa, waɗannan masu kama da ƙaramin gwangwani: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. A jikin kowace an rubuta iyakarta ta zafi, wata digiri 85, wata 105. Ɗauki guda biyu da masana'anta ta ce kowace za ta yi awa 2000 a iyakarta. In cikin akwatin ya tsaya a digiri 65, mai 85 za ta yi kusan awa 8000, wato ba za ta cika shekara ba in tana aiki dare da rana. Mai 105 kuwa za ta yi kusan awa 32,000, sama da shekara uku da rabi. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma shi ne bambancin abokin ciniki da zai turo maka maƙwabcinsa da wanda zai zo ya tsaya a ƙofar shago yana ɗaga murya. Batir mai ruwa ma haka yake: an auna shi a digiri 25, kuma zafi na cin rayuwarsa da irin wannan saurin. Farantin sola shi ma a digiri 25 aka rubuta ƙarfinsa, in ya yi zafi yana raguwa da abin da ya kusa rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane digiri. Ƙurar hunturu kuma ta zo ta toshe fankar ciki ta kwanta a kan alminiyon da ke shanye zafi. Ga wutar layi da ke hawa da sauka, ga ɗaukewa a lokacin rani in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, madatsar da ƙarfinta megawat 72 ne kuma ta daɗe tana ɗauke da arewa kafin a ƙaro tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar.

Yanzu batun kasuwa, wanda kai ka fi ni sani. Masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin suna sayen kayan haɗi dubu-dubu daga ƙofar gidansu, injin ne ke jera su, injin ne ke liƙe su. Ɗanka zai sayi hamsin-hamsin, ya biya jirgi zuwa Duwala, ya biya duwan, ya biya harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, kayan su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere su sauka su hau mota. Ko kuma ku bi ta Kano ko Mubi ku sayi abin da aka samu, ba tare da tabbacin cewa MOSFET ɗin da aka ba ku na gaske ne ba, domin jabunsu sun cika kasuwa. Abu ne mai yiwuwa kuɗin kayan haɗi kaɗai su kamo farashin da kake sarin inbatar Sin gama-gari. A nawa lissafin, duk abin da ba za ka iya sayar da shi ninki biyu da rabi zuwa uku na kuɗin kayan cikinsa ba, to kada ka fara, domin ladan aiki da waɗanda za su lalace wurin haɗi da garanti da ribar shago duk a wannan tazarar suke zaune. Kuma ka tuna sunan shagonka ne zai kasance a jikin akwatin. In inbatar Sin ta ƙone, mutane kan ce kayan zamani ne. In taka ce ta ƙona ɗakin mutum, sunan da ka gina shekara 11 ne ya ƙone tare da shi. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya ba da kwangilar haɗa cajojin batir masu yawa lokaci guda, bayan ya ga samfuri ɗaya yana aiki. Kuskure ɗaya ne a zanen, amma da yake an maimaita shi a kowace caja, sai kayan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya da zafi ya shigo. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya sosu, domin mutumin kirki ne, kuma mai haɗin ma ba maha'inci ba ne.

To ina za a sa kuɗin? Ni dai da ni ne, zan buɗe masa teburin gyara a cikin shagon ko kusa da shi. Kada ka raina wannan. Duk inbatar da ka sayar a shekara 11, da na maƙwabtanka, da na'urorin cajin sola, da akwatunan da ke tuƙa famfon rijiyar burtsatse, da sitabilaiza, wata rana za su tsaya. Masu gyaran waya sun yi yawa a kowace kwana, amma wanda zai buɗe inbata mai kilowat 3 ko 5 ya karanta ta da ilimi, ya gano abin da ya kashe ta ba wai ya canza abin da ya yi baƙi kawai ba, irinsa ba su da yawa. Gyara yana kawo kuɗi tun makon farko, ba ya daskarar da jari a kan kanta, kuma yana jawo wa shagonka masu saye, domin mutum ya fi son sayen kaya inda ya san za a duba masa in ya samu matsala. Abin da ya fi wannan duka: duk na'urar da ya buɗe darasi ce da injiniyoyin wata masana'anta suka rubuta, kuma mai ita ne zai biya shi ladan karantawa. Ka saya masa babban littafi. Kowace na'ura ta shigo ya rubuta irinta, shekarunta, abin da ya mutu a ciki, a wane wata, da abin da aka jona mata. Bayan shekara ɗaya wannan littafin zai gaya muku abin da ya kamata ku saro, abin da ya kamata ku daina sarowa, da abin da babu shi a kasuwa sam.

Wannan na ƙarshe shi ne inda zanensa zai ci. Kada ya yi gasa da Sin a abin da suke yi miliyan-miliyan. Ya nemi abin da ba su san muna buƙata ba. Ga misali ɗaya da nake yawan tunani a kai. Injin ƙyanƙyasar ƙwai yana son zafi wajen digiri 37 da rabi, kwana 21 ga kaza, kwana 26 zuwa 28 ga zabuwa. Yawancin ƙananan injinan da ake shigowa da su dumamawa kawai suka iya, domin an yi su ne don ƙasashen da ɗaki ya fi ƙwai sanyi. A Afrilunmu kuwa ɗakin kansa ya fi abin da ƙwan ke so zafi. Na'urar da za ta san lokacin dumamawa da lokacin sanyayawa, ta kula da laima, ta juya ƙwai, ta yi aiki kai tsaye da batir ba tare da inbata ba, wannan abu ne da mai kiwon kaji da zabi zai fahimci amfaninsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka na'urar da za ta kashe famfo in ruwan rijiya ya ƙafe ko tanki ya cika, ga masu lambun albasa da masu sayar da ruwa. Irin waɗannan ƙananan wuta ne, bolt 12 ko 24, kuskure a cikinsu bai kai na inbata hatsari ba, kuma kayan koyonsu suna da araha: Arduino ko ESP32 don ƙwaƙwalwa, manhajar KiCad ta kyauta don zana allo, sannan kamfanoni irin su JLCPCB suna buga allo guda biyar kacal in ka aika musu zane, sau da yawa kuɗin aikowa ya fi na bugawar. Ban ce lallai ɗaya daga cikin waɗannan biyu za ku yi ba. Ku tambayi mutum goma da za su iya saye, ku ji nawa za su biya, in da hali ku karɓi kafin alƙalami daga biyu ko uku kafin a sayi ko da waya ɗaya.

Ga yadda zan raba kuɗin. Miliyan 3 su zauna a cikin hajarka, su ne uwar da ke shayar da gida. Miliyan 1 shi ne na yaron, shi ma ba a dunƙule ba. Kaso mafi girma ya tafi kan kayan aunawa, domin mai gyaran da ba ya aunawa canki-canka yake yi: mita mai kyau, mitar da ke maƙale waya ta auna amfiya, osiloskof mai nuna siffar wuta a kan gilashi ko da ɗan madaidaici ne, na'urar ba da wuta mai iyakance abin da take saki, ƙarfen dalma mai daidaita zafi da na iska mai zafi. Kaso na biyu kayan canji, daga dillalin da aka amince da shi ko da ya fi tsada. Ka ware wani abu, ko da dubu 100 ne, don ladan masana. Wannan shi ne kuɗin da 'yan kasuwa suka fi jin nauyin fitarwa, alhali shi ne ya fi kowane kare jari. Kafin a buga allo, a kai zanen wurin wanda ya girme shi a wannan fannin takamaimai, cikin malamansa na Ngaundere ko na makarantar injiniyoyi ta jami'ar Marwa, ko wani tsohon ma'aikacin da ya shekara yana gyaran manyan injuna, a biya shi ya zauna ya nemo kuskure. In batun wuta mai ƙarfi ne a nemi na wuta mai ƙarfi, in na manhaja ne a nemi na manhaja. Tambayar da za ka yi wa duk wanda aka kawo maka ita ce: me ka taɓa ƙerawa da yake aiki a hannun mutane yau, kuma zan iya zuwa in gani? Abin da ya rage shi ne na samfuri. A yi guda 3, a ba mutanen da ka sani su yi aiki da su tun daga hunturu har bazara ta wuce. In sun tsira a yi 10. Hamsin sai goma sun ƙare an dawo ana tambaya.

Akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa tsakanin uba da ɗa, amma gara a yi ta tun ana dariya. Ku rubuta yarjejeniya, da shaidu biyu. In kyauta ce ka ce kyauta ce. In bashi ne a sa ranar biya. In kuwa ƙiradi ne, jari naka aiki nasa, to ku yanke rabon riba da kaso, kamar rabi da rabi ko yadda kuka yarda, ba da wani adadi tsayayye a wata ba, kuma ka sani a ƙa'idar ƙiradi in asara ta zo ba da sakacinsa ba, dukiyarka ce ta tafi, shi kuma wahalarsa. Ku rubuta kayan aikin na wane ne, zanen na wane ne in wata rana ya tashi ya buɗe nasa. Kuɗin tebur kada su gauraya da na shago, a ba su akwatinsu da littafinsu, ko lambar Orange Money ko MoMo ta daban. Na ga zumunci da yawa da ya lalace ba don wani ya ci amana ba, sai don kowa ya riƙe lissafi daban a kansa.

Batun hukuma kada ya tsorata ku yanzu, amma ku san da shi. In abin ya kafu har kuna son kamfani, ana rajista a cibiyar CFCE, ofishin da gwamnati ta tanada don kafa kamfanoni, kuma tun dokar 2016 ana iya kafa SARL, wato kamfanin da asarar mai shi ba ta wuce jarin da ya zuba ba, da jarin sefa dubu 100. Sunan kaya ana kare shi a OAPI, hukumar Afirka mai kare sunayen kaya da ƙirƙira, da ke Yawunde, rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har da Cadi, na tsawon shekara 10 da ake sabuntawa, abin da zai yi muku amfani ranar da kayanku suka haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Ingancin kaya hurumin hukumar ANOR ne. Duk na'urar da aka sa mata layin waya ko rediyo tana aika saƙo kuwa, sai an nemi amincewar ART, hukumar kula da sadarwa, kafin a sayar.

Ita kuma inbatar da ya riga ya haɗa, kada a jefa ta ƙarƙashin gado. Ka ce ya kawo ta shago, ya sa mata fis a kan wayar batir, a ɗora ta a kan bulo nesa da kwali da leda, da bokitin yashi a gefe. Ta riƙe fitilun shagon da fankarka, daga baya a ƙara mata ƙaramin firji. A sa ma'aunin zafi a cikin akwatin, ya riƙa rubuta abin da ya nuna kullum da azahar, kuma a kashe ta duk lokacin da za a rufe shago. In Allah Ya kai mu ƙarshen Mayu, ka aiko mini da abin da littafin nan ya ce, da adadin na'urorin da suka shigo teburin gyara da abin da suka kawo, sai mu sake zama a kan miliyan na biyu.